Wa'azin Maƙwabci da Haƙurinmu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya, Keffi



An ɗora mana nauyin mu yi magana a kan wani al'amari da ya faru kwanan baya, wanda da Allah bai kiyaye ba, da yau zaman makoki muke yi. A cikin motar haya ne, daga Keffi za ta Mararaba. Mota na ɗagawa sai wani mai wa'azin Kirista ya miƙe da littafinsa, ya shiga bishara da Hausa, har ya kai ga cewa babu mai tsira ranar gobe sai wanda ya karɓi Yesu. Wani yaronmu ya taso daga baya ya ci kwalarsa. Direba ya taka birki, fasinjoji suka rabu gida biyu. Wata dattijuwa mai sayar da doya ce ta shiga tsakani. Ta ce, "Ɗana, zagin ka ya yi?" Ya ce, "A'a Mama, amma ai nufinsa mu 'yan wuta ne." Ta ce, "To kai me malaminku yake cewa a kanmu?" Yaro ya yi shiru, ya sake shi.

Jama'a, a kan tambayar tsohuwar nan za mu tsaya.

Abin da mai wa'azin ya faɗa ba shi ya ƙaga ba. A sura ta 14 ta Linjilar Yohanna suke kafa hujjar cewa ta wurin Yesu kaɗai ake samun ceto, a ƙarshen Linjilar Matta kuma an umarce su su kai wannan saƙo ga dukkan al'ummai. Shi a ganinsa taimakonmu yake yi. Mu kuma mun yi imani Musulunci ne gaskiya, muna fita da'awa ƙauyuka, idan wani ya karɓi kalmar shahada har kabbara muke yi. To, idan muka ce sai ya bar aƙidarsa za mu zauna da shi lafiya, shi ma gobe zai nemi mu bar tamu. Wa zai yarda a cikinmu? Sannan mu sani su ma ba bakinsu ɗaya ba. Cocin Katolika, a babban taronsu na Batikan, sun fitar da takarda a 1965 wadda ta ambaci Musulmi da girmamawa.

Wasu samarinmu na cewa, don me zai yi da Hausa in ba mu yake farauta ba? Nan sai mu waiwayi tarihi. Wajen shekarar 1800 Abdu Zanga ya kafa garin nan, a tsakiyar Gwandara da Gwari da Afo da Yeskwa, ga Mada da Eggon daga gabas. 'Yan mishan na SIM sun fara shigowa Nijeriya a 1893, daga aikinsu ne ECWA ta fito a 1954, kuma jami'ar Bingham da ke Karu, a kan hanyarmu ta Abuja, sunan ɗaya daga cikinsu ta ci. Na SUM sun sauka Wase a 1904, su ne tushen cocin ERCC mai hedikwata a Alushi, kusa da Akwanga. Da suka tarar kowace ƙabila da yarenta, sai suka riƙi harshen kasuwa, wato namu. A 1932 aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa. Saboda haka mutumin nan da Hausa kakansa ya yi addu'a a majami'a. Ga kuma Hausawa Kiristoci a Wusasa ta Zariya, tun zamanin Dakta Miller.

Doka ma ta yi magana. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin yin addininsa da yaɗa shi. Inuwar da malaminmu yake tafsiri a ƙarƙashinta, ita ce fasto yake wa'azi a ciki. Wanda ya sare bishiyar, rana za ta dake mu gaba ɗaya.

Mun kuwa ga abin da baki yake jawowa. A watan Maris na 1987, gardama a kan wa'azi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta zama gobarar da ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa. A Oktoban 1991, batun zuwan mai wa'azin nan na Jamus, Reinhard Bonnke, ya jefa Kano cikin zubar da jini. Mu da muka baro Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi muka zo neman abinci, mu tambayi kanmu: in wuta ta tashi a nan, rumfar wa za ta fara ci? Yaronmu da ke tallan albasa a Masaka, ko mai sayen hatsi a kasuwar ƙauye, wa zai tsaya masa? Gemun 'yan'uwanmu ya sha kama wuta, lokaci ya yi da za mu shafa wa namu ruwa.

Kada a ce mun ce a haɗiye komai. Akwai iyaka, kuma mun faɗa wa dattawan maƙwabtanmu ita baki da baki: kowa ya yabi addininsa iyakar iyawarsa, amma ban da zagin Manzon Allah (SAW), ban da jan yaro a bayan idon iyayensa da abinci ko magani ko kuɗin makaranta. Sai dai mudun da muka auna musu, da shi za mu auna wa kanmu. Kalmar "arne" da muke jifan abokan cinikinmu da ita, zafinta ɗaya da abin da yaronmu ya ji a mota. Lasifikarmu ma takan hana marar lafiya barci, kamar yadda tasu take hana mu.

Don haka ƙungiya take roƙon abu uku. Na farko, in ka ji wa'azin da bai yi maka ba, ka kau da kai, ko ka ce, "Malam, na gode, ina da nawa." Na biyu, in zagi ne ƙarara, kada ka ɗaga hannu, kada ka tara mutane, kada ka ɗauka a waya ka watsa a WhatsApp. Ka kawo wa shugabanni, mu kai ga mai unguwa, in ta kama a dangana da fadar Mai Martaba Sarki ko hukuma. Na uku, iyaye mu tsaya a kan karatun Islamiyyar 'ya'yanmu. Yaron da ya san addininsa, wa'azin minti goma a mota ba ya girgiza shi, balle ya kai shi ga cin kwala.

Mu tuna, da aka matsa wa Sahabbai a Makka, wurin Najjashi, sarkin Habasha Kirista, suka sami mafaka. A nan kusa kuma, a watan Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Bai rage ko ƙwayar zarra daga aƙidarsa ba, su ma bai ce sai sun musulunta zai buɗe musu ƙofa ba.

Yaron namu yana cikin ɗakin nan, ba za mu nuna shi ba. Kishi ne ya ɗebe shi, kuma iyayen ƙungiya sun riga sun raka shi ya ba mutumin haƙuri. Dattijuwar nan kuwa, duk wanda ya san rumfarta ya kai mana gaisuwa, ya ce mun gode.

Allah Ya zaunar da Keffi da Jihar Nasarawa lafiya, Ya tsare bakinmu da hannunmu, Ya sa albarka a nemanmu. Wassalamu alaikum.