Jawabi ga Masu Wayar da Kai kan Lafiyar Mata



Dakta Catherine Hamlin, mutumiyar Ostareliya, ta isa Habasha tare da mijinta a 1959. A 1974 suka buɗe asibitin yoyon fitsari a Addis Ababa. Ban da tiyata, ta ɗauki ba da labarin matan nan a matsayin aiki. Littafinta ya fito a 2001, a 2004 ta yi bayani a shirin talabijin na Oprah Winfrey a Amurka, taimako ya yi ta shigowa. A 2007 aka buɗe makarantar horar da ungozomomi. Ta rasu a 2020.

Cikin waɗanda ta ba da labarinsu akwai Mamitu Gashe, wadda aka kawo ta da ciwon tana yarinya, ta zauna ta koyi aikin, har ta riƙa yi wa wasu tiyata.

Mu ma idan za mu ba da labarin wata, a rediyo ko a taron mata, mu nemi izininta tukuna. Mu faɗi musabbabin ciwon: doguwar naƙuda ce, kan jariri ya danne mafitsara har ta huje. Ba sammu ba ne. Mu kuma faɗi inda ake gyara, kamar asibitin Babbar Ruga a Katsina. Matar da ke ɓoye a ɗaki saboda kunya tana sauraronmu, kuma abin da ta ji ne zai sa ta fito.