A Koya wa Ɗaliban Zanen Gini Neman Jama'a da Neman Kuɗi

 

Duk shekara jami'o'inmu suna yaye yara masu basira a wannan fanni. Yaro zai hana idonsa barci ya zana asibiti ko kasuwa, ya ci maki, zanen ya ƙare a cikin kabad. An koya masa lissafin nauyin rufi, amma wa ya koya masa zama gaban mai unguwa? Wa ya nuna masa yadda ake shiga wurin attajiri a fito da alkawarin siminti?

Ku ɗauki Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso. Yana ɗalibi a Berlin ta ƙasar Jamus ya kafa ƙungiya a 1998 don gina wa garinsu firamare. Abokan karatunsa ya fara bi, yana roƙonsu su rage kuɗin kofi da sigari su zuba a asusu, har aka tara kusan dala 50,000. To, kuɗi ya samu, saura mutane. Da ya ce da ƙasa za a yi ginin, mutanen garin suka yi turus. A ganinsu, wanda ya je Turai ai siminti zai kawo, ginin ƙasa kuwa damina ke cinye shi. Bai ce musu jahilai ba. Ya nuna musu bulon ƙasa da aka gauraya da ɗan siminti aka matse, ya ɗaga rufin kwano sama yadda zai kare bango daga ruwa, zafi kuma ya samu hanyar fita. Sai gari ya fito aikin gayya: masu ɗebo duwatsu, mata da ruwa, samari suna koyon gini da hannunsu. A 2001 aka gama makarantar, a 2004 ta ci kyautar Aga Khan, a 2022 shi kansa ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker.

Hassan Fathy na Masar fa? Gwani ne, babu musu. A shekarun 1940 gwamnati ta ba shi aikin gina sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor, amma mutanen ba su son barin tsohon mazauninsu, aikin ya tsaya bai kammala ba. Mu ma nan muna gani: shagunan da aka yanke wa ƙyalle da kiɗa da taro, yau awaki ke kwana ciki, don ba a tambayi 'yan kasuwa inda ciniki yake ba.

Abin da ɓangarenmu ke nema shi ne, kafin a yaye ɗalibi, ya zaɓi unguwa guda ya zauna da ita. Ya ji ta bakin mai unguwa da liman da magina, ya nemi izini ya ji ta bakin mata, don su suka san inda ruwa ke kwanciya da hanyar da yara ke bi. Ya rubuta kasafin kuɗinsa da Hausa, ya kafe shi inda kowa zai karanta. Idan ya je gaban mai hali, kada ya ce "a taimaka". Ya ce buhun siminti ashirin nake nema, ga ajin da za su shiga, ga ranar da za ka zo ka gani. A kuma ba shi maki a kan wannan kamar yadda ake ba shi a kan zane.

Namu kason shi ne buɗe ƙofa. Kansilolinmu da shugabannin mazaɓu ku kai yaran nan wurin masu gari, ku gabatar da su, ku koma gefe. Don Allah kada a manna hoton ɗan takara a bangon. Ranar da aka manna, rabin unguwa ta janye hannunta, attajirin da ke ɗaya ɓangaren kuma ya rufe aljihu.

Ɗaliban da ke da aiki a hannu su ba sakatare sunayensu da unguwar da suka zaɓa kafin a tashi.