LACCA: Janani Luwum, limamin da ya sa hannu a takardar da kowa ke tsoro



Ranar 17 ga watan Fabrairu na shekara ta 1977, gidan radiyon ƙasar Yuganda ya ba da sanarwar cewa mutum uku sun rasu cikin haɗarin mota a birnin Kampala, wai sun yi ƙoƙarin ƙwace sitiyari daga hannun sojan da ke kai su wurin bincike. Biyu daga cikinsu ministocin Janar Idi Amin ne, Erinayo Oryema da Charles Oboth Ofumbi. Na ukun shi ne Janani Luwum, shugaban majami'ar Anglika ta Yuganda da Ruwanda da Burundi da yankin Boga na Zayar. Da sojoji suka kai akwatin gawarsa ƙauyensu na Mucwini, dangi suka buɗe, sai suka tarar da raunukan harsashi. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Henry Kyemba, ya tsere daga ƙasar, ya shaida wa duniya cewa harbe su aka yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Tambayar da wannan lacca za ta bi ita ce: mutum uku sun mutu dare guda, a hannu guda, mene ne ya sa sunan ɗaya ya zama gado ga Afirka?

Malamin lakkwal daga arewa

An haifi Luwum a farkon shekarun 1920 cikin ƙabilar Acholi, a arewacin Yuganda. Ya fara aiki a matsayin malamin lakkwal. A 1948 ya rungumi addininsa da gaske, ya bar alli ya koma wa'azi. An naɗa shi fasto a 1956, ya zama bishop na arewacin ƙasar a 1969, wato babban limamin da ke kula da majami'un yankin baki ɗaya, sannan a 1974 aka ɗora masa shugabancin majami'ar duka.

A lokacin Amin ya shekara uku bisa mulki. Ya kifar da gwamnatin Milton Obote ranar 25 ga Janairu 1971, sa'ad da Obote ke halartar taro a Singafo. Mutanen Kampala da yawa sun fito tituna suna murna, domin sun gaji da tsohuwar gwamnati. Tun ba a gama shagali ba aka shiga karkashe sojoji ƴan ƙabilun Acholi da Langi cikin barikoki, bisa zargin suna goyon bayan Obote. Mafi yawan mutanen birni suka ce wannan rigimar soji ce, ba ruwansu.

Kasuwa da biro

Ƴan kasuwa su ne na farko da aka yi wa romon baka. A watan Agusta 1972 Amin ya ba mutanen asalin Indiya da Pakistan kwana 90 su bar ƙasar. Dubun dubata suka fita, aka raba kantunansu da masana'antunsu ga hafsoshi da ƴan kanzagi, waɗanda jama'a suka laƙaba wa suna da Suwahili "mafuta mingi", wato masu maiƙo da yawa. Wanda bai taɓa sanin inda ake sarin kaya ba ya wayi gari da kanti. Da hajar da ke ciki ta ƙare, sai kantin ya zama kango. Sukari da gishiri da sabulu suka yi wuyar samu, kofi kuwa, wanda shi ne arzikin ƙasa, ya koma fita ta ɓarauniyar hanya zuwa Kenya. Ɗan kasuwar kirki ya gane cewa gwamnatin da ta ƙwace kantin maƙwabcinsa ba tare da shari'a ba, ba abin da zai hana ta ƙwace motarsa a shingen soji.

Ma'aikatan gwamnati ma ba su tsira ba. A watan Satumba 1972 aka shiga harabar babbar kotu da rana tsaka aka yi awon gaba da alƙalin alƙalai Benedicto Kiwanuka, ba a sake ganinsa ba. A shekarar nan ce kuma Joseph Mubiru, tsohon gwamnan babban bankin ƙasa, da Frank Kalimuzo, shugaban jami'ar Makerere, suka ɓace. Hukumar leƙen asiri da ke unguwar Nakasero ta zama gidan da ake shiga ba a fita. Masu ƙiyasi da dama suna kai adadin waɗanda aka kashe cikin shekaru takwas ga mutum 300,000.

Hanyar da Luwum ya bi

Luwum bai ɗauki makami ba, bai kafa jam'iyya ba. Matan da aka kama mazajensu sukan zo ƙofarsa, shi kuma yakan tashi da kansa ya je ofisoshin jami'an tsaro ya tambayi inda wane yake, da laifin da ya yi. Yakan halarci bukukuwan gwamnati, har wasu mabiyansa suka zarge shi da kusantar azzalumi. Shi kuwa a ganinsa, wanda ke neman a sako ɗan wani daga kaso tilas ya riƙe ƙofar da zai shiga ya yi magana.

A nan akwai abin da ya kamata a fayyace. Amin Musulmi ne, Luwum Kirista, amma mai cewa wannan rigimar addini ce bai karanta tarihin ba. Shaban Nkutu, tsohon ministan ayyuka, Musulmi ne, kuma mutanen Amin suka sace shi a Jinja suka kashe a farkon 1973. A watan Agusta 1976 shugabannin Anglika da na Katolika da na Musulmi suka zauna tare a Lweza, kusa da Kampala, suna tattauna halin da ƙasa ta shiga. Bayan faɗuwar Amin a 1979, talakawa Musulmi na yankin Ankole, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba, su ne aka far wa da sunan ramuwa. Azzalumi yakan fake da addini ko ƙabila, ya ci bashin da bayin Allah za su biya bayan tafiyarsa.

Kwana goma sha biyu

Cikin daren 5 ga Fabrairu 1977, mutane ɗauke da bindigogi suka kutsa gidan Luwum a Namirembe, suka ɗora masa bakin bindiga a ciki, suna neman makaman da suka ce ya ɓoye. Ba su samu kome ba. Abokan arziki suka ba shi shawara ya ƙetare iyaka tun da sauran dama. Ya ƙi.

A maimakon gudu, sai ya tara sauran bishop-bishop, suka rubuta wa shugaban ƙasa wasiƙa. A ciki suka bayyana cewa bindigar da aka saya domin kare ɗan ƙasa ta koma abin ƙwace ransa da dukiyarsa, cewa sun gaji da binne waɗanda aka harbe, ban da waɗanda ko gawarsu ba a gani ba, kuma masu ilimi suna ta barin ƙasar don tsoro. Ba takardar ɓoye ba ce irin wadda ake watsawa da dare. Kowa ya rubuta sunansa ya sa hannu, aka miƙa ta ga mai mulki kai tsaye.

Ranar 16 ga wata aka kira shugabannin addini da manyan gwamnati zuwa wani gangami a Kampala. Aka baje makamai a fili, aka karanta takardun da ke zargin Luwum da haɗa baki da Obote, sojoji suna ihu a kashe. Da yamma aka sallami sauran limamai, aka riƙe shi. Washegari radiyo ta yi maganar haɗarin mota.

Abin lura shi ne ministocin nan biyu. Oryema shi ne baƙar fata na farko da ya shugabanci ƴan sandan Yuganda. Oboth Ofumbi gogaggen ma'aikaci ne da ya riƙe ma'aikatar tsaro, daga baya ta cikin gida. Sun yi wa Amin hidima shekara shida, sun zauna majalisar ministoci alhali ana kwashe abokan aikinsu ɗaya bayan ɗaya. Biyayya ba ta cece su ba. Mai kiwon kura, ranar da nama ya ƙare shi ne abincin dare. Ajali ya haɗa su da limamin, amma shi kaɗai ya bar takarda mai ɗauke da sa hannunsa, wadda ta fita waje duniya ta karanta.

Abin da ya biyo baya

Gwamnati ta hana a yi masa jana'iza a Kampala. Duk da haka ranar Lahadi dubban mutane suka taru a babbar majami'ar Namirembe, gefen kabarin da aka haƙa masa, wanda ya kasance wayam. A watan Yuni 1977 taron ƙasashe renon Ingila da aka yi a London ya la'anci kashe-kashen Yuganda. A 1978 Amurka ta haramta ciniki da ƙasar, ta rufe wa Amin babbar kasuwar kofinsa.

Ƙungiyar haɗin kan Afirka ta OUA kuwa, abin kunya ne a faɗa, ta riga ta ba Amin shugabancinta a taron Kampala na 1975, tana fakewa da ƙa'idar rashin tsoma baki cikin harkokin cikin gida. Julius Nyerere na Tanzaniya ya ƙi halartar taron. Sojojinsa ne, tare da ƴan gudun hijirar Yuganda, suka shiga Kampala ranar 11 ga Afrilu 1979, bayan Amin ya mamaye yankin Kagera. A wannan shekara kuma Macias Nguema na Gini Ekwatoriyal da Bokassa na Afirka ta Tsakiya suka faɗi. Kunyar shirun da aka yi kan waɗannan uku tana cikin dalilan da suka sa OUA ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam da na al'ummomi a Nairobi a 1981.

Amin ya rasu a Jidda a 2003, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Luwum kuwa, a 1998 aka kafa mutum-mutuminsa a ƙofar majami'ar Westminster ta London, cikin jerin mutum goma da aka kashe saboda imaninsu a ƙarni na 20, tare da Dietrich Bonhoeffer na Jamus da Martin Luther King na Amurka. A 2015 gwamnatin Yuganda ta ayyana 16 ga Fabrairu ranar hutu ta ƙasa domin tunawa da shi.

Sai dai ranar hutu abu ne mai arha, kowace gwamnati tana iya bayarwa. Gadon na gaske yana cikin abubuwa uku da ya aikata. Ya tambayi inda aka kai wanda aka kama, da sunansa, a gaban wanda ya kama shi. Ya nemi abokan tafiya daga wajen majami'arsa. Ya rubuta gaskiya ya sa hannu. Babu ɗaya cikin ukun da ke bukatar rigar limanci. Akawun da aka kawo wa takardar bogi ya buga mata hatimi, da likitan da aka ce ya rubuta haɗari a inda ya ga harsashi, da shugaban ƴan kasuwar da aka miƙa wa makullin kantin wani, kowannensu yana tsaye a irin wurin da Luwum ya tsaya. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Kampala sun ga hayaƙi tun daga barikoki a 1971, suka jira har ya kai ƙofar kowa.

Allah ya kiyashe mu da zalunci, ya ba masu riƙe da amana ƙarfin zuciya.