Ya Shiga Daban, Ya Dace Daban: Musanyar Kayan Ƙafa da Sitiyari a Tsofaffin Motoci

 Ina gaida mutanen Toumboutou da ƙauyukan bakin kogin Kwara, da na cikin garin Malanville, da 'yan'uwa na tsallake a Gaya. Gaisuwa ta musamman ga direbobin da ke tasha suna jiran lodi ya cika, da kanikawan da ke kwance ƙarƙashin mota, rediyo na gefe yana ta magana. Shirin yau naku ne. Za mu taɓa maganar ƙafar mota da sitiyarinta, da wannan al'ada tamu ta ciro kayan wata tsohuwar mota a ɗaura wa wata.

Duk wanda ya san hanyar nan da ta taso daga Kwatano, ta ratsa Parakou da Kandi ta iso mana, tafiyar sama da kilomita 700, ya san motar da ta ci gashinta a kai shekara da shekaru: Peugeot 504, wadda muke ce wa Fijo. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968. A 1975 ta lashe tseren Safari na Kenya, kuma a shekarar ne kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna ya soma aiki. Faransawa sun daina yin ƙaramar 504 tun 1983, amma Kaduna ba ta sake ta ba sai a 2006. Ƙanwarta 505, da ta fito a 1979, a kan tsarin ƙafar 504 aka gina ta. Shi ya sa bakanike zai shiga wurin 'yan gwangwan, ko ya aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a kawo masa kayan wannan ya ɗaura wa waccan. Wannan fasaha ce, ba na raina ta. Ba don ita ba da tuni motocin nan sun zama akurkin kaji.

Inda nake da magana shi ne kalmar nan guda biyu da ake rufe ciniki da ita a gareji: "Ya shiga." Maigida ya tambaya, "Yaya, Malam, ya yi?" Bakanike ya share hannu da tsumma ya ce, "Ya shiga, Alhaji." Sai a biya kuɗi, a tayar da mota. To, ramin noti ne kaɗai ya ba da wannan shaida. Titi bai ce komai ba tukuna.

Mu fara da baya, don nan aka fi taɓawa. Suna ɗaya ne, 504, amma ƙafar baya iri-iri ce. A wasu ƙananan, kowace taya ta baya zaman kanta take yi, tana hawa tana sauka ba ruwanta da 'yar'uwarta. Doguwar, wadda ake cika wa fasinja layi uku, gatari guda ne ya haɗa tayoyin biyu, da sifirin na naɗi bibbiyu a kowane gefe. A-kori-kura kuma sifirin ɗinta na falle-falle ne, irin na manyan motoci. Kowacce da nauyin da aka auna mata.

Yanzu ga direba yana da ƙarama, yana son ta ɗauki buhunan albasa da shinkafa zuwa kasuwar Malanville ba tare da gindinta ya ja ƙasa ba. Sai a nemo sifirin mai tauri, mai tsawo, a cusa mata. Da kaya a kai, ka ga mota ta miƙe, kowa ya yi murna. A sauke kayan fa? Baya ya ɗage, hanci ya sunkuya. Wannan sunkuyon yana rage abin da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan an sha kwana, sai mota ta riƙa yawo a titi, direba yana ta kamo ta kamar mai kiwon awaki. Tayoyin baya kuma, idan masu zaman kansu ne, tsayuwarsu tana canjawa da tsawon sifirin. Su karkace, su riƙa cin gefe ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kwana. Idan baya ya fi gaba tauri sosai, baya ne ke fara sulɓewa, musamman a kan tsakuwa ko bayan an yi yayyafi. Mota ta juyo ta dubi inda ta fito.

Akwai kuma ruɗanin da ya kamata mu warware. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. Shokozoba, wanda 'yan wannan gefe ke kira amotisa, aikinsa ya kashe rawar sifirin. Ka sa sifirin mai ƙarfi ka bar tsohon shokozoba da ya zubar da mansa, mota za ta yi ta tsalle bayan kowane rami, kuma tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Idan shokozoban ya yi gajere ga sabon sifirin, duk faɗawa rami sai ya miƙe iya miƙewa ya buga, har wata rana ya tsinke mazauninsa. A canja su tare, dama da hagu, daga mota iri ɗaya. Ɗaya sabo ɗaya tsoho, kamar mutum ne ya sa takalmi a ƙafa guda.

Masu gasa sifirin da wutar walda don su miƙar da shi ko su rage masa tsawo, don Allah ku bari. Ƙarfen nan an ba shi horo a masana'anta. Wuta na taɓa shi horon ya tafi.

Sai sitiyari, kuma a nan zan ɗan sassauta murya don a ji ni da kyau. Na taɓa shiga wata doguwar Fijo daga Kandi, ina gidan gaba. Na lura direba yana murɗa sitiyari kusan taƙi guda kafin mota ta amsa. Na ce, "Maigida, lafiya kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Haka take, mun saba da juna." Da muka tsaya shan ruwa na leƙa ƙasa: tayarod ɗinta an yanke an ƙara masa tsawo da walda. Rayukan mutum tara, har da jariri a goye, suna rataye a kan ɗinkin da bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Ban koma cikin motar nan ba.

Kan tayarod da boljoyin suna da wani wuya mai tsini da ke shiga rami, kamar taɓarya a turmi. Idan tsinin na wata mota ne, zai shiga, noti zai ɗauru, amma zaman a kan siririn zobe kawai yake. Yau lafiya, gobe lafiya, jibi ramin ya soma buɗewa. Kafin a ɗaure, a shafa wa wuyan alli ko baƙin mai, a zura, a zaro, a duba: idan bai taɓa ko'ina ba, ba nasa ba ne, komai arharsa. Wanda kuma yake son ɗauko sitiyari mai mai daga 505 ya sa wa 504 don hannu ya huta, to ya ɗauko da iyalinsa duka: famfo, tiyo, mazaunai da tayarod. Rabi daga nan rabi daga can shi ke sa taya ɗaya ta fi ɗaya juyawa, ko mota ta kauce da kanta idan ta taka rami. 404 kuwa, yayarsu ta 1960, a bar ta da danginta. Ƙaramarta ma noti uku ne a taya, alhali 504 da 505 huɗu ne.

Bayan duk wani aikin ƙafa, a kai mota alaimen, abin da masu Faransanci ke kira faralelizim, kuma a daidaita ta a tsawon da take yini a kai. Sannan a fita da ita fili ba fasinja. A hankali, a sassauta hannu a ga ko za ta miƙe. A taka birki a ji ko tana ja gefe. A sha kwana dama da hagu a ga ko sitiyari yana dawowa daidai. Bayan kwana biyu a sake bin notoci, bayan mako a shafa tafin hannu a kan taya a ji ko ta fara cin gefe.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga maganar birki, da masu toshe tiyon taya ɗaya da ƙusa su ci gaba da lodi. Direbobin da lodinsu ya cika, Allah ya kiyaye hanya. A huta lafiya.