Hanyar Kagara: Ziyarar Mahaifar Abubakar Imam

 

A cikin wannan ɗaki da wuya a sami wanda bai karanta Magana Jari Ce ba, ko bai ji an karanta masa ba. Amma in na ce wanda ya taɓa taka garin da aka haifi marubucinta ya ɗaga hannu, na san hannuwan ba za su yi yawa ba. In an tambayi inda aka haife shi, wasu ma Zariya za su ce, wasu Katsina. Gaskiyar magana, a Kagara aka haifi Alhaji Abubakar Imam a 1911, garin da yanzu yake hedkwatar ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Can na yi tattaki a mota, kuma labarin abin da hanyar ta nuna mini nake so in ba ku.

Daga Zariya muka tashi, domin nan ya yi aikin da ya ɗaukaka sunansa. Nan Baturen nan Rupert East ya kira shi ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, nan ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a watan Janairu 1939, nan kuma Allah ya karɓi ransa a 1981. Hanyar da ta fi kusa ita ce ta Kaduna zuwa Birnin Gwari, a bi ta Pandogari a faɗa Kagara. Direbanmu, dattijo ne mai ƙarancin magana, da na ambaci wannan hanya sai ya dube ni ya ce, "Malam, kana da iyali kuwa?" Ban ƙara cewa komai ba, don na gane haɗarin hanyar yake nufi. Muka yi zagaye ta Minna, muka biyo ta Zungeru da Tegina.

Zagayen nan ya yi mini rana. Zungeru ita ce mazaunin Gwamna Lugga kafin a mayar da hedkwatar Arewa Kaduna, kuma a nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Ku duba ikon Allah: manyan 'yan jarida biyu, ɗaya na Kudu ɗaya na Arewa, an binne cibiyoyinsu a yanki guda, sannan a 1943 suka shiga ayari ɗaya na 'yan jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila. Labarin wannan tafiya ne Imam ya tattara a Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, aka buga littattafai biyar daga ciki. Biyu daga cikin biyar ɗin gida ɗaya suka fito: Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina. Wa da ƙane, kuma dukansu Kwantagora suka ɗauka suka kafa labarinsu a kanta. Muna yawan cewa Imam ya ciro labaransa daga littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya, ya yi musu riga da wando na Hausa. Haka ne, amma ba shi ke nan ba. Sai mutum ya ratsa wannan ƙasa ta duwatsu da kurmi, inda Bahaushe da Bakamuke da Bagwari da Banufe suke cin kasuwa ɗaya, inda ayarin fatake ya daɗe yana ratsawa zuwa kudu, sannan zai gane inda yaran nan biyu suka samo kunnen jin labari. Lokacin da aka haifi Imam, shekara goma kacal da Turawa suka ci Kwantagora a 1901. Waɗanda suka ga yaƙin da idonsu suna nan da rai, suna hira a zaure. Katsina ta ba shi boko, ba musu, tunda a kwalejinta ya yi karatu ya kuma koyar a makarantar midil, amma kayan da ya je da su daga gida ya ɗauko.

A tashar garin na yi ta tambayar matasa. Aku da Waziri na Magana Jari Ce sun san su, wasu har suna ba ni labarin cikin dariya. Da na ce musu mai littafin ɗan garinsu ne, sai kallon mamaki. Ban ga laifinsu ba, domin ba wanda ya gaya musu. Yau in aka ce Kagara a gidan rediyo, abin da ke faɗo wa mutane shi ne daren 17 ga Fabrairu 2021, da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta garin suka kashe ɗalibi ɗaya suka kwashe wasu da malamansu. Garin da ya ba mu marubuta biyu na farko, da wannan ake tuna shi. Wannan abin kunya ne a kanmu mu masu nazarin Hausa, domin mun cika kantoci da kundaye a kan salon Imam, amma mun bar garinsu ba mu leƙa ba.

Turawan Ingila sun adana gidan da aka haifi Shakespeare a Stratford, mutane na biyan kuɗi su shiga. Ni ban nemi haka ba tukuna. Roƙona ga sassan Hausa na jami'o'inmu da ƙungiyoyin marubuta shi ne su zauna da masarautar Kagara da gwamnatin Neja, a samar da ɗakin karatu ko da ɗaki ɗaya ne da sunan 'yan uwan nan biyu, a zuba littattafansu, a tura ɗalibai su naɗi abin da tsofaffin garin suka ji daga iyayensu tun suna raye. Ga hukumomi kuma, a tsare mana hanyar Birnin Gwari, don malami ya iya ɗaukar ɗalibansa ya kai su ba tare da ya bar wasiyya ba.