Shirin Jarrabawar Lasisin Aikin Jinya: Jan Hankali ga Matasan Ƙasar Gwandu

Wannan lacca za ta yi magana ne a kan jarrabawar da ke tsakanin ɗalibin jinya da lasisinsa, da irin shirin da ya kamaci matasan Cheberu da sauran garuruwan Gwandu da Kalgo su yi mata. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, shirin wannan jarrabawa yana farawa tun ranar da ɗalibi ya shiga makaranta, kuma rabinsa a gefen gadon majinyaci ake yin sa.

Asalin jarrabawar

Ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ba baƙuwa ba ce ga ijaza, wato izinin da malami ke bai wa almajirinsa bayan ya gamsu da saninsa da amanarsa. Lasisin jinya shi ma shaida ce irin wannan, sai dai hukuma ce ke bayar da ita, abin da ake danƙa wa mai ita kuwa rayukan mutane ne. Ingila ta kafa dokar yi wa ma'aikatan jinya rajista a 1919, a Najeriya kuma aka kafa hukumar ungozomomi a 1930 da ta ma'aikatan jinya a 1947, kafin doka ta 89 ta shekarar 1979 ta haɗe su zuwa Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozomomi ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke Abuja. Ita ce ke tsara manhaja, ta tantance makarantu, ta shirya jarrabawa, kuma duk wanda sunansa bai shiga kundinta ba, doka ba ta san shi a matsayin nas ba, ko da ya yi shekaru yana yi wa mutane allura a ƙauye.

Matakan da ake bi

Mai neman shiga yana buƙatar kiredit biyar a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, waɗanda ya samu a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Daga nan ya nemi gurbi a makarantar da Hukumar ta amince da ita, kamar kwalejin jinya ta Birnin Kebbi ko ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko kuma ya bi hanyar digiri ta shekara biyar a jami'a. Wajibi ne iyaye su bincika wannan amincewa kafin su biya ko sisi, domin makarantar da ba ta da ita ba za ta iya gabatar da ɗalibi ba. Haka kuma ɗalibi ya tabbatar makarantarsa ta shigar da sunansa a jerin ɗaliban Hukumar tun da wuri, domin da lambar da za a ba shi ne zai zauna jarrabawar, wadda aka saba yi sau biyu a shekara, a Mayu da Nuwamba.

Abin da ake gwadawa

Jarrabawar tana da fuska biyu. Ta farko tambayoyi ne na zaɓi da ake amsawa a kwamfuta, waɗanda suka shafi ginin jikin ɗan'adam da yadda gaɓoɓinsa ke aiki, da ilimin magunguna, da jinyar manya da yara da masu ciki da masu taɓin hankali, da kiwon lafiyar al'umma. Ta biyu gwajin aiki ne, inda ɗalibi ke zagaya tashoshi cikin ƙayyadadden lokaci, a kowace tasha ya aiwatar da wani aiki, kamar auna hawan jini ko wanke rauni, mai jarrabawa na tsaye yana duba kowane mataki, tun daga wanke hannu da yi wa majinyaci bayani har zuwa rubuta abin da aka yi.

Zaren da ya ɗinke fuskokin biyu shi ne tsarin jinya mai matakai biyar: binciken halin majinyaci, gano matsalar da jinya za ta magance, tsara abin yi, aiwatarwa, sannan auna sakamako. Yawancin tambayoyi masu wuya suna kawo amsoshi da dukkansu ke kama da daidai, a nemi wadda za a fara yi, kuma wanda ya riƙe ƙa'idar fara duba hanyar iska, sannan numfashi, sannan zagayawar jini, ba zai ruɗe ba.

Cututtukan gida su ne littafin farko

Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar suna ɗauke da ƙwayar cutar, adadin da ya fi na kowace jiha, kuma a Kebbi da Bayelsa ne aka fara ba da allurar rigakafinta a Disambar 2024. A farkon 2025 sanƙarau ya ɓarke a Gwandu da Aleiro da Jega. Ɗalibin da ke koyon aiki a asibitin Sir Yahaya na Birnin Kebbi ko a babban asibitin Kalgo yana ganin waɗannan cututtuka da idonsa, tare da tamowa da amai da gudawa da jijjigar masu ciki, don haka duk majinyacin da ya kula da shi da rana, ya kamata ya karanta babinsa a daren.

Lissafin magani ya cancanci kulawa ta musamman, domin kuskure a cikinsa yana kisa. Allurar artesunate ta zazzaɓi mai tsanani miligiram 2.4 ce ga kowane kilo na nauyin jiki, amma miligiram 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba, wato yaro mai kilo 15 zai karɓi miligiram 45. Haka nan ruwa mililita 500 da za a ƙara cikin awa huɗu, da igiyar da ke ba da ɗigo 20 a kowace mililita, zai sauka kimanin ɗigo 42 a minti. Irin wannan lissafi da maimaici kullum yake zama a ka.

Nasiha ga ɗalibai da iyaye

Jarrabawar da Turanci ake yin ta kuma a kwamfuta, saboda haka ɗalibin da ya taso a karkara ya lazimci amsa tsofaffin tambayoyi yana kallon agogo, ya saba da na'urar tun kafin ranar, ya kuma riƙa bayyana wa abokan karatunsa darasi da Hausa, domin abin da mutum ya iya fassarawa ya fahimce shi. Ya guji masu sayar da amsoshi a waya, waɗanda ke cin kuɗinsa su jefa shi cikin laifi. Iyaye da mazaje kuwa su sauƙaƙa wa ɗalibai mata ayyukan gida a watannin ƙarshe, domin mata da yawa a wannan yanki sun fi sakin jiki su je asibiti idan mace ce za ta duba su, kuma kowace 'yar Cheberu da ta karɓi lasisi ta rage wa wata mai naƙuda nisan tafiya. Allah Ya ba ɗalibanmu nasara, Ya sanya albarka a hannuwansu.