Amsoshin Wasiƙunku: Kwamfuta Mai Mantuwar Ƙarfin Murya

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai shagon cajin waya da tura karatu da waƙoƙi a wata kasuwar ƙauye kusa da Funtuwa. Ya ce ɗansa ya sa wa tsohuwar kwamfutarsa tsarin Linux. Kullum sai ya daidaita ƙarfin murya, amma gari na wayewa sai ya tarar ta yi gum, wata rana kuma ta ɓarke da ƙara har lasifika ɗaya ta fashe. Yana tambaya, shin lalacewa ta yi?

To malam, kwantar da hankalinka, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Ka ga rediyon da kake zuwa da shi gona? Maɓallin muryarsa abu ne da kake murɗawa da hannu, inda ka bar shi nan za ka same shi. Ita kuwa kwamfuta, ƙarfin muryarta lamba ce kawai da take riƙewa a ka. Wuta na ɗaukewa, lambar ta tafi, sai fa in an rubuta ta. Kamar ɗan kasuwa ne da ya ba da bashin mudu goma bai sa a littafi ba.

A tsarin Linux, sashen da ke kula da sauti sunansa ALSA, wanda wani masani ɗan ƙasar Cek, Jaroslav Kysela, ya faro a 1998. Yana da ɗan littafinsa mai suna asound.state, a ma'ajiyar /var/lib/alsa. A yawancin irin waɗannan kwamfutoci, lokacin kashewa ne ake rubuta lambar, lokacin kunnawa a karanto ta. To ka ga inda gizo ke saƙar. In janareta ya mutu, ko ka zare waya daga soket don saurin tashi daga kasuwa, ba a rubuta komai ba, gobe tsohuwar lamba za ta dawo. In kuma yaro ya ƙure murya kafin a kashe, ƙurarriyar ce za ta shiga littafi.

Ga magani. Ka kira ɗan naka ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ya rubuta alsamixer. Za ku ga ginshiƙai a jere. Wanda aka rubuta Master a ƙarƙashinsa shi ne babba. In kun ga MM a gindinsa, an toshe bakinsa ke nan, sai a danna harafin M ya buɗe. Da kibiyar sama da ta ƙasa ake ƙarawa ko ragewa. In murya ta yi daidai, a danna Esc a fita, sannan a rubuta sudo alsactl store. Shi ke nan, an sa a littafi nan take, ba sai an jira kashewa ba. Ran da ta sake rikicewa, sudo alsactl restore zai dawo da abin da ke rubuce.

Sai dai a lura, sababbin tsare-tsare suna da wani mai kula da sauti a bisa ALSA, ko PulseAudio ko PipeWire, kuma shi ma yana da nasa littafin. In murya ta fito daidai da farko, sannan ta canza bayan ka shiga da sunanka, to shi ne. Sai ka daidaita daga ɗan hoton lasifika da ke gefen allo, ka kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace.

Shawara ta ƙarshe, malam: kada ka ajiye murya a ƙure, ka bar ta tsaka-tsaki. Da safe ka fara kunna kwamfuta, sannan amfilifaya, maɓallinta a ƙasa, ka riƙa ƙarawa a hankali. Da yamma kuma amfilifaya za ka fara kashewa. Kuɗin lasifika ɗaya ya fi ƙarfin cinikin caji na kwana da kwanaki, kunne kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.

Allah Ya ba da kasuwa. Sai mun ji daga gare ku.